Kuskuren Harbin da Ya Riƙe Mini Aiki

Cikin shekarun da na yi a Doha, ranar da ba ta fita raina ita ce ranar da na fara harba bindigar da na shekara biyu ina gogewa. Ku sababbi da kuke ganina gaban baƙi kuna zaton gwani ne, ku saurara.

Gadi na zo yi a wani kulob na wasan harbi da ke bayan gari, inda inji ke cilla faifan yumɓu sama mutum ya harbe shi. Da korona ta shigo aka rufe wurin. Ba baƙi, ba ƙofar tsarewa, sai aka tura ni ɗakin makamai ƙarƙashin Ammu Usman, wani dattijo ɗan Sudan, tsohon ɗan sanda. A nan na san bindigar da muke kira famfo, saboda ana jan hannunta baya a tura gaba kafin kowane harbi. Ita aka fi ba sabon shiga, don ba ta da rigima.

Dokar Ammu Usman ba ta canzawa: kafin komai ka buɗe ta, ka duba da ido, ka sa yatsa ka tabbatar babu harsashi. Sannan a cire bututun, a zura tsumma, a shafa mai kaɗan, a mayar. Kowane mako haka muke yi, da takunkumi a fuska, muna wanke dattin harbin da ba wanda ya yi. Ranar hutu kuma ina ɗakinmu a unguwar Muntazah ina kallon bidiyonta a waya, har abokan zama suka laƙaba mini Janar. Janar ɗin da bai taɓa jan kunama ba, domin aikina gogewa ne kawai.

Da gasar kofin duniya ta matso, mudir, wato manajanmu ɗan Labanan, ya ce yana son mutum ɗaya da zai riƙa nuna wa baƙi harbi kafin su gwada, kuma shi kaɗai za a sabunta wa kwantiragi bayan gasar. Mu biyu aka tsayar, ni da Sanusi, abokin gadina ɗan Gombe da ya tashi gidan mafarauta. Aka yi mana darasi a aji, ana ta ɗaga ranar gwaji, har motar baƙin farko ta iso: magoya bayan Meksiko cikin korayen riguna.

Sanusi ya fara. Duk faifan da ya tashi sai ya zama gari. Baƙi suka tafa a hankali, amma da aka ce wani ya zo ya gwada sai kowa ya ja baya. Wannan ya ce kafaɗarsa na ciwo, wancan ya duƙufa kan wayarsa.

"Yalla, Habibu," in ji mudir, yana yi mini alama in fito.

Na yi bayani mai kyau, na faɗi sunan kowane ƙarfe. Na ɗaga, na harba. Bindigar ta naushe ni a kafaɗa, hulata ta faɗi, faifan ya sauka ƙasa lafiya lau. Na sake, na kuma sakewa, ko ƙwarzane babu. Ammu Usman ya ɗaga kai yana kallon sama. Wani ƙato cikin baƙin ya yi dariya har da hawaye, ya ce kakarsa ta fi ni, ya nemi a ba shi. Shi ma ya kuskure, amma kafin ya gama abokansa sun yi layi. Sai da suka ƙarar da harsashin da aka ware na ranar.

Da la'asar aka kira ni ofis. Ina tafiya ina shirya abin da zan gaya wa matata a Zariya. Mudir ya ce khalas, wato magana ta ƙare, ni aka zaɓa.

"Sanusi yana sa su jin kunya," ya ce. "Kai kana sa su ji za su iya."

Na roƙi a ba ni lokaci in riƙa atisaye. Ya ce a'a, kada in ɓata baiwar da Allah ya yi mini.

Sanusi aka mayar da shi ƙofa, bayan gasar kuma ya koma tsaron wajen ajiye motoci a unguwar Madinat Khalifa. Ranar da zai tafi na je mu yi sallama. Shi ya dafa ni ya ce, "Janar, Allah ya ƙara basira, amma kada ya ƙara saiti."

To, ga abin da na koya. Duba bindiga da tsabtace ta ba wasa a ciki, wanda ya yi sakaci da wannan ni da kaina zan kai ƙararsa. Amma baƙon da ya biya kuɗinsa bai zo ganin gwani ba, ya zo ne ya koma gida yana jin ya fi wani. A kulob ɗin nan, wanin nan ni ne.