Na Ce Wa Kakata Fada Yana Hanya

Malam Edita, lokacin da abin nan ya faru ina ɗan shekara ashirin da biyu, ina gyaran waya a wata 'yar rumfa a Babbar Kasuwar Kaduna. Ni da makaranta a aji huɗu na sakandare muka rabu, ba faɗa ba, kowa dai ya gaji da ɗan'uwansa. Abin da Allah ya ba ni shi ne baki. In na fara tsiya a layinmu, har masu sayar da caja sai sun bar rumfa sun zo sauraro. A Malali muke zaune, ni da mamata da kakata wadda ta haife ta. Mu Katolika ne tun daga ƙauye. Ni da Kaka kuwa wasan jika ne tsakaninmu, ita ta ce min Maigida, ni in ce mata Amarya. Kullum ƙorafinta ta auri miji marar cefane, ni kuma ina mata barazanar zan sake ta in auro mai haƙora. Ba abin da ba na gaya mata, don wasa ya ba ni lasisi.

Akwai wani abokina da muke rumfa ɗaya, ɗan wata coci ce daban da tamu. Mutumin kirki ne, yana karanta Baibul da gaske, in ba kwastoma sai ka gan shi da biro yana ja wa aya layi. Shi ya fara ce min duk abin da coci take yi sai an auna shi da Littafi, in babu shi a ciki to al'adar mutane ce kawai. Maganar ta shige ni, amma ba ta ƙofar tsoron Allah ba. Makami na samu. Ban zauna na karanta komai ba, bidiyon minti biyu-biyu na dinga kallo a waya, na haddace aya shida ko bakwai, na koma gida ina ji kamar ni na rubuta littafin. Tambaya ɗaya na riƙe, wato a ina aka rubuta.

Kaka ce ta sha ta. In ta ɗauko rosari, carbinmu na Katolika, in tambaye ta ko duwatsun sun cika ko an sace ɗaya. Ranar Laraba ta toka ta dawo daga coci da baƙin tokar da ake shafa mana a goshi, na tare ta da jiƙaƙƙen tsumma ina tambayar ko risho ne ya fashe. Abin da ya fi muni, sai in ɗora mata Baibul a cinya in ce ta nuna min wurin, alhali na san ko sunanta ba ta iya karantawa. Ba ta taɓa fushi ba. Wata rana dai ta ce min kafin littafin ya iso ƙauyensu da Hausa, uwarta ta riga ta koya mata addu'a da baki, kuma shi littafin ba da ƙafarsa ya zo ba, mutanen cocin nan da nake raina wa ne suka ɗauko shi a ka. Na ce mata Amarya ta zama farfesa, muka yi dariya, aka wuce.

Ta daɗe tana fama da hawan jini da kumburin ƙafa, har mun saba. Wata Talata da safe, mamata ta riga ta tafi Doka inda take sayar da abinci wa ma'aikatan ofis, ina ɗaure takalmi sai Kaka ta kira ni. Ba ta ce Maigida ba, sunana na baftisma ta kira, abin da ban taɓa ji a bakinta ba. Ta ce in je in kira mata Fada, limamin cocinmu, tana so ta furta zunubanta, ya ba ta jibi, wato gurasa mai tsarki, ya shafa mata mai irin na marasa lafiya. Ni kuwa sai na tambaye ta wanne take so, na gyaɗa ko manja, don duka akwai a kicin. Ba ta yi dariya ba. Ta maimaita maganar a hankali, tana hutawa tsakanin kalmomi. Na ce to, na tafi.

A bakin titi, gidan Fada yana hagu, tafiyar da ba ta kai minti goma ba a ƙafa. Keken kasuwa yana dama. Na shiga keke. Na gaya wa kaina wannan shafa mai ai ƙirƙirar fadoci ce, ba ta cikin Littafi, kuma Amarya tun bara take mutuwa tana fasawa. Na ce da yamma zan zo da abokina ya yi mata addu'ar gaske.

Da azahar na dawo cin abinci. An share ɗakinta tas. An shimfiɗa farin ƙyalle a kan ɗan teburinta, ga gicciye, ga kyandir a kunne, ga kofin ruwa da auduga. Ita kuma tana zaune an jingina ta da filo, sanye da atamfar zumuntar matan coci, ta ɗaura kallabi kamar mai zuwa biki. Maƙwabciyarmu ce ta yi mata duk wannan, wata Hajiya 'yar Katsina, Musulma, wadda ba ta san amfanin ko ɗaya daga cikin kayan ba, amma duk abin da Kaka ta ce ta ajiye ta ajiye. Kaka ta ɗago ido ta tambaye ni Fada fa. Bakin nan nawa bai ko yi tuntuɓe ba. Na ce yana mitin, amma yana hanya. Ta gyaɗa kai, ta ce Allah ya yi min albarka. Na ci abincina a tsaye. A raina na ce to bari in gama wata waya da mai ita yake ta kirana, in na taso sai in biya in kira shi, a huta. Na sake shiga keke.

La'asar ta ɗan gota Hajiya ta kira ni, ta ce in zo yanzu. Ko da na iso an rufe ta da zane. Hajiya tana kuka take ba ni labari, ba ta san wuƙa take soka min ba. Ta ce sau biyu tana cewa bari ta sa mijinta ya hau mashin ya ɗauko Fada, Kaka ta hana, wai kar a dami bawan Allah sau biyu, tunda Maigida ya ce yana hanya to yana hanya, tsiya ce kawai da shi amma ba ya mata ƙarya. Ta ce duk lokacin da ƙofar gida ta motsa, sai Kaka ta kai hannu ta gyara kallabi.

Mamata tana isowa ta buga wa Fada waya, kafin a gama shimfiɗa tabarmi ga shi ya shigo. Ya yi addu'a a kan gawar, ya ce man dai na masu rai ne. Mamata cikin kuka ta tambaye shi me ya tsare shi tun safe. Ya dube ta da mamaki, ya ce shi yau ko ƙofa bai fita ba, kuma ba wanda ya zo nemansa. Hajiya ta ja mayafi ta toshe bakinta. Mamata ba ta mare ni ba, ba ta zage ni ba, kallona kawai ta yi kamar tana neman inda ta taɓa sanina.

Bayan an yi biso na koma rumfa, ina neman wanda zai ce min ban yi laifi sosai ba. Na ba abokina labari, na ƙare da cewa ai dama abin ba ya cikin Littafi. Sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ce in sake faɗa. Ya buɗe Baibul ɗinsa can wajen ƙarshe, wata gajeriyar wasiƙa da ban taɓa sanin tana ciki ba, ya miƙo min. Da idona na karanta inda aka ce marar lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a, su shafa masa mai. Ƙasa kaɗan ga maganar furta zunubi. Na karanta sau uku, na zauna a ƙasan rumfa cikin ɓawon wayoyi. Ya ce su ma fastonsu yana shafa mai. Ya ce har gobe shi bai yarda da Katolika a kan rosari da wasu abubuwa ba, amma bai taɓa aike na in yi wa mai mutuwa ƙarya ba, kuma haramcin ƙarya ba sai an sha wahalar nema a Littafi ba.

Shekara uku ke nan. Yanzu ina karantawa, a hankali, da yatsa. Gardamar Littafi da al'adar coci ta fi ƙarfina, manya masu digiri sun daɗe a kanta ba su gama ba, kuma ban rubuto don in ce wane ne da gaskiya ba. Abin da na gane shi ne ni ba Littafi nake karewa ba, daɗin cin tsohuwa da baki nake ji. Mamata tana min magana yanzu, muna ci a kwano ɗaya, amma tun ranar ko gishiri ba ta sake aike na saye ba, sai ta saka takalmi ta je da kanta ina zaune. Samari 'yan'uwana masu aya bakwai a aljihu, ku karanta littafin duka kafin ku ɗora shi a cinyar wanda bai iya karatu ba. In kuma tsoho ya aike ku kiran wanda zai yi masa addu'a, ko kun yarda ko ba ku yarda ba, ku je ku kira. Gardamar za ta jira ku dawo, shi ne ba lallai ya jira ba.