Kowa Ya Ɗauki Hoton Ilu, Ba Wanda Ya Aiko

Shekaru ke nan ina faɗar magana guda har mutanen garin nan sun gaji da ni: baƙin da ke zuwa kallon tabkin Madarumfa ba su da alkawari. Na faɗa a bakin masallaci, na faɗa a wurin suna, na faɗa wa wani mai babbar riga da ya zo daga Maraɗi ya ce shi ke kula da sha'anin masu yawon buɗe ido. Ya yi ta gyaɗa kai yana kallon agogo. Ni ban yi karatun lakol ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Amma na san wanda ya ce zai aiko bai aiko ba ƙarya ya yi, ko da wace irin mota ya zo.

Ina cikin garkata da hantsi ina gyaran danga, sai ga Ta-Sallah mai suyar kifi ta faɗo ba ko sallama. Ta ce, "Baba Haruna, Ilu ya faɗi." Na ce, "To ya tashi mana, yau ya fara santsi a bakin ruwa?" Ta ce, "Baba, ba irin wannan ba." Sai na ga ba ta da takalmi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya ɗaure jirginsa, ya zauna gindin kanya, ya ce a ba shi ruwa. Kafin a kawo, rai ya yi halinsa. Kafin la'asar mun rufe shi.

Ga wanda bai san shi ba, Iliya mai jirgi nake nufi, tsohon nan da ke tuƙa baƙi cikin tabki. Abokina ne tun muna yara, wanzami guda ya yi mana kaciya. Ni manomi ne, ruwa ban yarda da shi ba. Shi kuwa tun yana saurayi yake su, da ƙarfi ya fara ja baya sai ya bar koma ya koma ɗaukar masu zuwa hutu. In kun taɓa zuwa garinmu ran Asabar ko Lahadi, daga Maraɗi ko Tasawa ko Damagaram, kuka shiga jirgin katako, to shi ne ya tsaya a bayanku da gora a hannu.

Ilu ba ya tura jirgi sai baƙo ya fara tsayawa ya yi wa waliyan da ke kwance a gefen tabkin addu'a. Ba ya tilasta wa kowa, tsayawa kawai yake yi ya ɗaga hannu, sai ka ga har mai gaggawa ya ji kunya ya ɗaga nasa. In an kai tsakiya, inda bado ke buɗewa da safe, agwagin ruwa na kiwo, sai ya cire gorar ya bar jirgi ya yi ta yawo da kansa. In samari sun cika surutu ya ce, "Ku ɗan yi shiru, ƴaƴana, tsuntsayen nan sun riga ku zuwa."

Na ga ranar da wata ungozoma daga Tasawa ta shiga jirgi ta kama kuka don tsoro, ƴaƴanta na yi mata dariya. Ilu ya sauka cikin ruwa da rigarsa, ya nuna mata iyakarsa ƙugu, ya riƙe bakin jirgi yana tafiya da ita a hankali kamar mai jan tsohuwar saniya, har ta share hawaye ta ce a ƙara gaba. Da suka fito ya ce mata in damina ta yi ta dawo ta wuce Gabi ta ga gulbi ya kawo, ta biya garin Sarkin Yamma ta ga hatsi ya fid da kai. Haka yake yi wa kowa. Yana cewa, "Ƙasarku ce, ku gan ta tun kuna da ƙafa."

Ni kuma ya mai da zaurena masauki ba da shawarata ba. In rana ta yi wa baƙi, sai in ji muryarsa a ƙofa: "Haru, fito da tabarma, ga mutanenka." In ce, "Mutanen wa? Ni na kira su?" Ya ce, "Kai dai sarkin ƙorafi, shimfiɗa ka yi masifar daga baya." In shimfiɗa, a dama fura, Ta-Sallah ta aiko da karfasa mai zafi, su ci su miƙe ƙafa. Masifar kuwa ina yi, ban taɓa fasawa ba, kuma har gobe ina da gaskiya.

Amma babbar rigimarmu a kan hoto ce. Ilu na da wata hula mai kyau da yake ɓoyewa cikin leda ƙarƙashin mazaunin jirgi. Da ya ga an ɗaga salula, sai ya goge hannu a riga, ya ciro ta ya kafa, ya miƙe ƙirji. In an gama ya ce, "In kun je ku wanko mini guda, in ga yadda nike." Kowa ya ce, "Insha Allahu, Baba, zuwa na gaba." Tun zamanin da ake zuwa da kyamara a wuya ake faɗa masa haka. Wasu ma cewa suke, "Tsoho ɗan duƙa, ka tare mana ruwa." Ya duƙa.

Na ce masa, "Ilu, ka daina sa hular nan, wasa suke da kai." Ya yi dariya ya ce, "Haru, mutum ya zo nan da damuwa ya manta da ita. In ya haɗa har da ni ya manta, ai hutun ya yi kyau ke nan." Ban yarda da wannan magana ba a lokacin, yanzu ma ban yarda ba.

Ga abin da ya sa nake wannan dogon bayani. Ilu na da ɗiya guda, Rabi, tana aure can Arlit. Hanya da nisa, rayuwa da wuya, ta daɗe ba ta zo gida ba. Ko da ta iso, ƙasar kabarinsa ta bushe. Ta yi gaisuwa wurin uwarta Hajo da ke cikin takaba, sannan ta zo zaurena ta durƙusa. Ta ce, "Baba, ban same shi ba. Ku dai nuna mini fuskarsa." Na ce to, har da saurina, don a zatona abu ne mai sauƙi. Mutumin da duk ƙasar nan ta ɗauka hoto?

Hajo ta ciro katinsa na ɗan ƙasa. Shekaru yana aljihu cikin jirgi, ruwa ya cinye fuskar, sai fari fat da alamar kunne. Na bi gari gida gida da sandata. Samarinmu kowa da salula, ba wanda ya taɓa ɗaukarsa. Wani ya ce mini, "Baba, wa zai ɗauki Ilu? Kullum ga shi nan." Abin da na samo kaɗai hoton faɗuwar rana ne a wurin wani mai lambu, can gefe ga wutsiyar jirgi da bayan mutum. Rabi ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Ya rame haka?" 

Lahadin da ta wuce wata mota ta tsaya bakin tabki, mutum da matarsa da ƴaƴa. Ya ce, "Ina tsohon nan mai jirgi?" Na ce, "Yana da suna." Ya ce bara ma sun zo, sun yi hoto da shi. Na ce ya duba don Allah. Ya yi ta murza salula, ya yi ta murzawa, can ya ce, "Wayyo Baba, wuri ya cika, na goge na bara." Na juya na tafi, don abin da ya zo bakina bai dace da mai zaman makoki ba.

Allah Ka jiƙan Iliya ɗan Mamman. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabari, Ka sanyaya masa kamar yadda ya sanyaya wa bayinKa rai a kan ruwan nan. Ka karɓe shi da karɓar da ta fi wadda ya yi wa baƙi. Ka ba Hajo haƙuri da lafiyar fita takaba, Ka dafa wa Rabi da ƴaƴanta, Ka sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.

Saura ku. Rabi za ta koma Arlit bayan sadakar arba'in, kuma na ce mata ba za ta tafi hannu wofi ba. Ku malaman lakol da kuka kawo ɗalibai, ku amare da angwaye, ku ma'aikata da kuka ci kifi a zaurena kuka yi barci a tabarmata, ku buɗe salulolinku da tsofaffin akwatunanku. Ku duba bayan kafaɗarku a hoton, za ku ga tsoho dogo mai gora da hula sabuwa. Ba na son gaisuwa ta bakin wani, ba na son "Allah sarki". A wanko guda a ba direban Madarumfa a tashar Maraɗi, a ce a kai wa Haruna abokin Ilu, kowa ya san zaurena. Ya roƙe ku da dariya kun share shi. Ni ba dariya nake ba. A cikinku duka, wa zai amsa mini?