Ranar da Na Naɗa Rawani Zuwa Argungu

Na manta abubuwa da yawa, wasu ma da gangan na manta su. Amma ranar da na naɗa rawani na tafi Argungu, wannan kam da ita za a binne ni.

Ni tsohon soja ne. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, abin da zan yi salla da shi kawai na sani. Na bar gida da ƙuruciya, bariki ce ta rene ni. Na dawo Birnin Kebbi da wani tabo da ya ratsa kaina daga goshi har ƙeya. Hula ba ta rufe shi.

Ƙanena ya rasu ya bar mini ɗa, ni na riƙe shi. Ya girma yana noman shinkafa a fadamar Zauro, ya ga 'yar wani malami a Argungu, ya ce in ba ita ba ya haƙura da aure. Ni ne baffansa, ni zan je nema masa. An kuma ce malamin ba ya ba da 'ya sai ya natsu da mutanen gidan. Na duba madubi, na ga fuskar da yaran unguwa ke gudu. Sai na shiga kasuwa na sayi farin rawani, mai sayarwa ya naɗa mini. A wurina ƙyalle ne na rufe tabo. Matata ta gan ni ta ce, "Maigida, yaushe ka sauke Alƙur'ani?" Na ɗauka tsiya ce irin tata. Ashe gargaɗi ne.

Ina shiga zauren malamin kowa ya miƙe. Aka janye tabarma aka shimfiɗa mini buzu. "Allah gafarta malam" ta ko'ina. Wani dattijo har ya matso yana tambayata hukuncin zakkar albasa. Na yi gyaran murya, na ce a bari sai an jima.

Ban kai ga faɗin abin da ya kawo ni ba aka kira azahar. Aka tsai da sahu, malamin ya ja da baya ya nuna mini gaba. "Bismilla, malam. Ba mu shiga gaban baƙo mai rawani."

Na yi tunani. Azahar a asirce ake karatunta, da na shige gaba babu mai ganewa. Amma gobe fa, in 'yarsa ta shigo gidana ta tarar da malamin ƙarya? Na sa hannu na warware rawanin nan gaban kowa. Ido duk ya koma kan tabo.

Na ce, "Ni ba malami ba ne. Soja ne. Wannan mufti ne kawai."

Malamin ya ce, "Mi kac ce?"

"Mufti. Haka muke kiran kayan gida a bariki, in an tuɓe kaki."

Malamin ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce, "Bari mu yi salla tukuna, kada ka karya mini alwala."

Bayan sallama ya zaunar da ni kusa da shi. Ya ce a wurinsu mufti shi ne babban malamin da ke ba da fatawa. An ce sojojin Turawa ne suka ga irin tufafi masu yalwa na waɗannan malamai, in sun tuɓe kaki sun sa kayan shan iska sai su ce sun yi shigar mufti. "Kai kuwa yau ka haɗa duka biyun a kai guda."

Na ce, "Malam, ni dai 'ya na zo roƙa wa ɗana."

Ya dubi rawanin a cinyata, ya dubi kaina. "Mutumin da ya zaɓi kunya a kan ya ɓata mana salla, ba ya cutar ɗiyata. Mun ba ku."

Harsashi bai sa ni hawaye ba. Wannan ta sa.

Yau jikokina kan hau kafaɗata suna bin tabon da yatsa. Surukin nan kuwa har gobe in ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Muftin bariki, ina hukuncin albasarmu?"

Abin da na koya ke nan: abin da na je ɓoyewa, shi ya samo mana 'ya. Tun ranar nake fita da kaina a buɗe.