Awon Ƙafar Zainabu

A watan Safar na 1358, wato Afrilun 1939, ina tsugune a tsakar gidanmu na unguwar Misfala a Makka ina tsince tsakuwa daga shinkafa, sai ga mutawwifi, mai kula da alhazan Turai, ya yi sallama a bakin ƙofarmu ta langa-langa. Wajen baƙuwarmu ya zo, wata farar mata daga Albaniya, mutanen da Makkawa ke kira Arna'ut. Mijinta ya rasu da zazzaɓi bayan saukowa daga Arfa, ita ma ciwon ya kayar da ita, Innata mai tuyar waina ta tsince ta a gindin bango, ta kawo ta gida ta yi ta ɗura mata kunu har ta tashi. Mu yara Gwaggo muke ce mata. Mutawwifi ya gaya mata sojan Italiya sun shiga ƙasarsu, sarki ya gudu da matarsa da jariri ɗan kwana biyu, amma akwai jirgin ruwa a Jidda, in tana so ta shirya yau. Ko kuka ba ta yi ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauro ƙunshinta, don ta baro 'yarta Zainabu, 'yar shekara shida, sa'ata, a wurin kakarta.

Inna ce ta riƙe ƙunshin. "Haba Hajiya, wa ke shiga gida ana gobara? Mu daga Kano shekara bakwai muka yi a hanya, har gero muka noma a Sudan. Zauna wuta ta mutu tukuna, hanya ba ta guduwa." Ba mugunta ba ce, wallahi. Iyayenmu haka suka san tafiya: in an ce gaba ba lafiya sai ka yada zango, ka kafa bukka, ka nemi sana'a, baɗi ko baɗin baɗaɗa ka wuce. Ba su taɓa jin hanyar da ake kullewa da makulli ba. Gwaggo ta daɗe tana kallon Inna, sannan ta ajiye ƙunshin, jirgi ya tafi.

Haka ta zama 'yar gida. Baba na fita ga-ruwa da garwa biyu a sanda, Inna na kan tanda, mu muna carabke da ƙwallon dabino muna korar tattabaru daga shanya, Gwaggo kuwa na gefe da mazari. Gashin ragunan hadaya da Inna ke kwasowa daga Mina take wankewa, ta kaɗa, ta rina da ɓawon rumman, ta saƙa safa da tsinke biyar. Safar ulu a zafin Makka! Mun yi mata dariya har mun gaji. Ta ce a garinsu sanyi na cin yatsun yara. Duk shekara, in watan aikin hajji ya ƙarato, sai ta kira ni: "Rakiya, kawo ƙafa." Ta ɗora tafin ƙafata a cinyarta, ta auna da zare, ta ƙulla. Da ƙafata take sanin girman ta Zainabu. Ni kuwa haushi nake ji, don tana katse mini wasa, ga cakulkuli.

Ranar Arfa, in Inna ta kafa tanda, sai ni da Gwaggo mu bi tanti-tanti da safar a ƙunshe, tana tambayar mutanen ƙasarsu ko da mai kai saƙo. Shekarar farko ta ce bari dai, ai da kanta za ta kai baɗi. Kafin baɗi yaƙi ya cika teku, jirage suka yi wuya. Daga baya aka ce Italiya sun fita, Jamus sun shiga. A ƙarshen 1944 aka ce su ma sun fita, Inna ta yi guɗa, ta toya waina ta raba sadaka, Gwaggo ta sake ɗaure ƙunshi. Sai mutawwifi ya dawo ya ce 'yan gurguzu ne suka karɓi mulki, sun rufe ƙasa, ba shiga ba fita, ba mai zuwa hajji. Ta kwance ƙunshin, ta je ta taya Inna wanke-wanke. Muka ci tuwo kamar kullum.

Ba ta daina saƙa ba, ba ta daina bin tantuna ba. Ina da shekara goma sha biyar ta auna ni, ta ɗauko zaren bara ta gwada, ƙulli ya hau kan ƙulli. Ta sake gwadawa. Sai ta ce da 'yar Hausarta, "Ƙafa ya tsaya. Zainabu ya girma." Ta sauke ƙafata a hankali, ta tura tsinkayen cikin gwangwani ta rufe. Daga ranar ba ta ƙara saƙa ba. In ce na ji wani abu a lokacin, na yi ƙarya. Murna ma na yi an bar ni na huta.

Bayan shekara uku ta rasu. Da aka zo rabon kayanta sadaka aka rasa mai karɓar safar ulu. Inna ta jera su a tabarma, daga ƙarama zuwa babba, ta zauna tana kallo, ta ce, "Ni na hana ta jirgin nan." Sau ɗaya ta faɗa, ba ta sake ba har ta koma ga Allah.

Yanzu a unguwar Aziziyya nake, nan Makka, wurin jikokina, waɗanda Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba. Tafiyar da ta gagari Gwaggo, yau mutum kan karya kumallo a can ya yi la'asar a Harami. Asu ya cinye safar, saura ta ƙarshe. Tun da aka buɗe ƙasar su Gwaggo, alhazansu suka dawo, in motarsu ta tsaya a layinmu nakan fito in zauna a dakali. Ban san fuskar Zainabu ba, ban san sunan garinsu ba. Ƙafafun tsofaffin matan nake bi da kallo, ina neman mai irin tawa.