Daga Sikelin Daudawa Zuwa Ƙofar Inna

Talata: Kankara zuwa Faskari

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka bar Kankara, mu uku: ni, da yayana Alhaji Garba, da direbansa Ɗanjuma. Wani ƙauye muka nufa can bayan Sabuwa, inda mahaifiyarmu Inna take zaune. Na ce mun nufa, amma gaskiyar magana ni da Ɗanjuma ne muka nufa. Shi Yaya zuwa Daudawa kawai ya yi alkawari.

Ga yadda abin yake. A shekarun da kuɗin man fetur suka tumbatsa, kowa na sayen babur da rediyo, Yaya ya samu rabonsa a sayen auduga da manyan motoci. Ni kuwa ina nan da allina a firamare. To, arzikin sai ya zauna masa a jiki, har ya kai kilo ɗari da sittin da takwas. Salla a kujera, numfashi da ƙyar, ga ciwon sukari, ga gwiwa. Shekara goma sha ɗaya bai taka ƙauyenmu ba, don mota ba ta shiga, shi kuma ba ya iya tafiyar ƙasa. Sai dai a ɗoro Inna a jaki a kawo ta Sabuwa, ya gaishe ta yana zaune a kujera ita tana tabarma. Wannan abu yana ci masa rai fiye da ciwon.

Daga ƙarshe ya tafi Ingila aka yi masa aiki, aka rage masa tumbi har bai fi kofin shayi ba. Likitan ya rubuta masa takarda, ni na karanta masa ita sau ba adadi. Ya ce cikin shekara ɗaya da rabi nauyin zai yi ta sauka, sannan ya tsaya tsakanin kilo ɗari da biyar da ɗari da goma sha biyar, kuma in ya tsaya a nan aiki ya yi kyau. Ya ce fata za ta saki, kada ya damu. Ya ci kaɗan kaɗan sau biyar ko shida a yini, nama da ƙwai da wake, kada ya yi wasa da ƙwayoyin ƙarin jini.

Yaya bai ji wannan ba, saba'in da biyar ya sa a gaba. Laifina ne kuma, ba zan ɓoye ba. Wata rana ya ba ni labarin yadda yana saurayi ya taɓa hawa sikelin auduga a Daudawa aka ce laba ɗari da sittin da biyar. Ni da iyayi na ɗauko biro na juya masa ita zuwa kilo. Tun daga ranar ya riƙe lambar nan kamar wasiyya. Wata biyu ke nan nauyinsa ya cije a ɗari da goma sha biyu, sai ya fara tsallake abinci, har jiri ya kayar da shi sau biyu a ƙofar gida. Ya kuma rantse Inna ba za ta gan shi ba sai ya koma yadda ta san shi. Ita kuwa ta aiko cewa idanunta sun fara yin hazo, mai son a gan shi ya hanzarta. Da ƙyar muka yi sharaɗi: za mu bi ta Daudawa ya hau sikeli. In ya sauka ƙasa da ɗari da goma mu wuce, in bai sauka ba mu juyo.

Daga Kankara zuwa Sheme kimanin mil ashirin da biyar ne, mun iso shida da minti arba'in. A mahaɗar akwai shingen 'yan sanda. Kofur ɗin ya san motar, ya leƙo, ya dubi Yaya, ya dubi Ɗanjuma, sai ya sassauta murya ya tambaya ko an sayar da ita ne, ko kuwa mai ita ya riga mu gidan gaskiya. Ɗanjuma ya ce ga mai ita nan a zaune. Kofur ya ce shi dai Alhajin da ya sani, in yana ciki motar kwantawa take yi ɓangare guda. Muka yi ta dariya ban da Yaya. Mun karya a nan, koko da ƙosai na sule biyu. Kurɓa biyu ya yi ya ture kwanon.

Ƙarfe takwas muka shiga Faskari, muka sauka gidan abokinsa Malam Haruna, malamin dispensari. Matarsa ta yi mana abin da ake yi wa baƙon girma: tuwon shinkafa, miyar kuka da man shanu, zabi biyu. Yaya ya yi loma uku ya wanke hannu. Kafin la'asar har an aiko masa da rubutun sha daga cikin gida, wai wannan rama ba ta Allah da Annabi ba ce, da hannun mutum a ciki. Maƙwabta kuma suka shigo gaisuwa da irin fuskar da ake zuwa jaje. A ƙasarmu in mai kuɗi ya rame, ko ciwo ne ko karayar arziki, babu na uku.

Malam Haruna ya auna jininsa, ya duba fitsarinsa, ya ce rabon da ya ga jikin nan lafiya haka tun suna samari. Ya gaya masa tsayawar nauyi ba lalacewar aiki ba ce, jiki ne ya sami mazauni, kuma yunwar da yake kwana da ita ita ce abin tsoro yanzu. Yaya ya saurare shi tsaf, don shi ba ya katse mutum, sannan ya ce ya ji, saura kilo talatin da bakwai. A nan muka kwana.

Laraba: Daudawa, Dandume, Sabuwa

Mun tashi bakwai, takwas saura muna Daudawa, tafiyar da ba ta wuce mil goma sha biyu ba. Kasuwar auduga ta buɗe, buhuna jere kamar garu, manoma zaune a kan nasu suna jiran layi. Mai kula da sikelin shi ne dai na da, Baba Tanko, Bamaguje dogo wanda ya shiga coci da tsufansa, ya fi shekara talatin yana awo. Sikelin ne kawai aka sake, yanzu da kilo yake magana. Bai gane Yaya ba sai da ya ji muryarsa.

Aka sauke buhun wani, Yaya ya cire takalmi da hula, har agogo ya miƙo mini, ya hau. Baba Tanko ya tura ƙarfen, ya dawo da shi, ya tsaya. Ɗari da goma sha biyu. Yaya ya sauko, ya ce wa Ɗanjuma ya juya mota. Na tsaya riƙe da agogo kamar sakarai.

Baba Tanko ya tambayi abin da ya faru, na gaya masa duka, har da lissafina. Tsohon ya yi dariya har da riƙe ƙugu. Ya ce ya tuna ranar sarai. Shekarar da hatsi ya ƙi ce, Yaya yana ɗan shekara goma sha tara, bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, ya ɗauko buhu ɗaya ya faɗi da shi sau biyu kafin ya iso layi. Ya ƙara da cewa ko wannan laba ɗari da sittin da biyar ɗin ba ta cika gaskiya ba, don shi duk abin da ya hau sikelinsa sai ya cire masa laba huɗu ta buhu, hannunsa ya saba, ko mutum ne.

Sannan ya daina dariya, ya dubi Yaya ya ce, "Alhaji, yunwa ta na auna ran nan, ba kai ba. Ita kake son komawa? Kuma ni in tambaye ka, wa ya ce maka tsohuwarka na da sikeli?"

Yaya ba mutum ne da zai ce na yi kuskure a tsakiyar kasuwa ba. Abin da ya ce kawai shi ne man motar ya yi ƙasa, mu ƙarasa Dandume mu sha, sai mu ga abin da Allah zai yi. Na leƙa allurar man, tana sama da rabi. Ɗanjuma ya ga na gani, ya kau da kai.

Sha ɗaya da rabi muka iso Dandume. Daga nan hanya ba ta ƙaramar mota ba ce, sai muka bar ta da Ɗanjuma muka shiga akori-kura, naira ɗaya da sule biyar kowa. Da can Yaya gidan gaba gaba ɗaya yake saye. Yau sai ga mu ni da shi mun ishe shi, har da sarari. Ya lura, ya yi gyaran murya. Kafin mu tashi ya aike ni na sayo dafaffen ƙwai, ya ci rabi a tasha, ya ci rabin bayan awa biyu, kamar yadda takarda ta ce. Na yi kamar ban gani ba.

Mil ashirin ɗin da ke tsakanin Dandume da Sabuwa sun ci mana awa uku da rabi. Daji ne mai itatuwa, kaɗanya da ɗorawa da maɗaci, hanya duk kwazazzabai. Sau biyu muka sauka aka tura mota a yashi, kuma a na biyun na waiga na ga Yaya ya naɗe riga ya sa kafaɗa tare da jama'a. Mun shiga Sabuwa huɗu ta gota, muka sauka gidan kawunmu. Kawu ya ce bari ya aika a shirya jaki a ɗauko Inna da safe kamar kullum. Yaya ya ce a bar jakin ya huta.

Alhamis: gidan Inna

Shida da rabi muka kama hanyar ƙafa, mil uku. Ni na riƙe butar ruwa da tsarabar Inna, shi ya riƙe sanda. Mun huta sau uku, na farko a gindin tsamiya, na biyu a bakin rafi, na uku bai yarda hutu ba ne, ya ce gona yake dubawa. Gumi ya jiƙa masa riga, fatar hannunsa tana reto, amma ƙafa ba ta tsaya ba. Na sha ganin Yaya ya yi abin bajinta da kuɗi. Ban taɓa jin girmansa a raina ba irin na wannan safiya da nake bin bayansa ina kallon dugadugansa.

Takwas da minti ashirin muka yi sallama. Inna tana cikin ɗakinta, ƙofar kuwa irin ta da ce, gajeriya, sai an sunkuya. Ya tsaya ya dube ta, ya jingine sandar, ya sunkuya ya shige. Na bi shi. Tana zaune bakin gado tana tsinke zogale, ta ɗago tana lalube da ido.

Yaya ya tattara riga, ya dafa bango, ya yi ƙasa a hankali. Gwiwoyinsa suka yi ƙara, na miƙa hannu zan tare shi, ya girgiza kai. Ya tsuguna sosai, irin tsugunon da aka koya mana muna yara, ya ce, "Inna, ina kwana."

Shi ɗan fari ne. Tunda nake ban taɓa jin Inna ta ambaci sunansa ba, ko ta yi masa magana kai tsaye, sai dai ta bi ta kaina ko ta kan bango. Sai ta ajiye zogalen, ta miƙa hannu, hannun ya sauka a kan hularsa, ta bar shi a nan. Ni ta fuskanta da ta buɗe baki.

"Shekara goma sha ɗaya muryar wanga daga bisa take zo mani. Yau ta hito daga ƙasa."

Na gaya mata har yanzu yana ganin da saura, yana son ya ƙara zubar da kilo talatin da wani abu. Ta ce ita ba ta san kilo ba. Ta shafa kafaɗarsa, ta matsa damtsensa kamar mai taya akuya, ta ce, "Ka ce mashi ya tsaya nan. In ya ƙara ragewa, wa za ya kama mani makara?"

Yaya bai tashi ba. Na ga kafaɗunsa suna rawa, sai na fita na ba su wuri, na tsaya a tsakar gida ina kallon rumbu har nawa idon ya bushe. Da rana ta dama masa fura a ɗan ƙoƙon da take auna gishiri, ya shanye, bayan azahar ya nemi ƙari da tsokar kaza.

Asabar: komawa gida

Kwana biyu muka yi. Mun baro ƙauyen shida na safe, wannan karo hutu ɗaya, muka sami akori-kurar ƙarfe tara, muka tarar da Ɗanjuma a Dandume ya wanke mota har tana ƙyalli. Da muka zo Daudawa na tambayi Yaya ko za mu tsaya ya hau sikeli. Ya ce mu tsaya, amma goro zai ba Baba Tanko. A hanya ya sa na sake karanta masa takardar likita daga farko, ya ce in ja layi a ƙarƙashin ɗari da biyar zuwa ɗari da goma sha biyar, in kuma daina yi wa mutane lissafin da ba su tambaye ni ba. Na ce ai shi ya tambaya. Ya ce shi yayana ne ko ƙanena?

Mun shiga Kankara ana kiran magariba. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Malam Haruna da iyalinsa, da Kawu, da Ɗanjuma da bai tona zancen mai ba, da Baba Tanko wanda ya warware abin da birona ya ƙulla. Inna ta ƙara shekara huɗu a duniya, idonta ya rufe gaba ɗaya a ta biyu. Duk ƙarshen wata Yaya yana taka mil ukun nan. Ranar da aka ɗauke ta, shi ne a gaban makara, ɓangaren dama, kuma bai yarda an karɓe shi ba har bakin kabari.