Kwandastan da Ke Koya wa Yara Ɗaga Murya

Dattatray Kamble a ƙofar bas ya ƙarar da ƙarfinsa, yana kiran sunayen tashoshi a birnin Solapur. Da ya yi ritaya, abin da ya taho da shi gida ciwon gwiwa ne da maƙogwaro mai kaushi. Matarsa Shakuntala ta ce to, sai a zauna a huta. Amma shi bai iya hutu ba.

Da yana yaro ko gaisuwa a ciki yake yin ta. Aikin bas ne ya buɗe masa baki dole, don kwandastan da ba ya magana da yunwa zai kwana. Shi ya sa in ya zauna a ƙofar gida ya ga 'ya'yan ma'aikatan masaƙa an aike su kanti, sun raɓe a gefe har a sallami kowa, abin yake cin ransa.

Sai ya fara tara su a saman bene da yamma. Yaro ya hau kan bokitin da aka kifa, ya faɗi sunansa, sannan ya kira tashoshi.

"Ban ji ba!" Dattatray zai ce. "Akwai tsohuwa kurma a kujerar baya. So kake ta wuce gidanta?"

Yara su fashe da dariya, mai kiran ya ƙara murya. Daga nan tsohon ya zama mai kantin da ke cusa ruɓaɓɓiyar albasa, ko likita mai sauri, su kuma su koyi cewa a'a ba tare da rashin kunya ba.

Shekaru suka tafi a haka. Yaran su girma su tafi birnin Pune neman aiki, kaɗan ke waiwayo. Iyaye kuma sun fi son darasin jarrabawa. Shi kuwa hawa benen ma sai ya tsaya a hanya ya huta.

Cikin na baya-bayan nan akwai Mrunal, 'yar Bhimrao Jadhav mai aiki a masaƙar tawul. Damina guda ta wuce kafin a ji muryarta sosai. Wata rana a makaranta malami ya ce ta kwafi amsa, ta miƙo hannu a yi mata bulala. Ta miƙe tsaye a gaban aji ta ce, "Malam, ban kwafa ba. Ka sake yi min tambayoyin a gabanka." Malamin ya kore ta, ya ce sai da ubanta.

Da yamma Bhimrao ya zo, ko takalmi bai cire ba.

"Kaka, yarinya mai kunya na ba ka, ka dawo min da bakin tasha."

"Ta kwafa ne?"

"Ba ta kwafa ba. To sai me? An dake ni, an dake ka, mun mutu ne? Yau na bar aiki na je ina haɗa hannu ina ba mutum haƙuri a kan laifin da ba a yi ba. Kai kana can sama kana shan iska, ita ce za ta zauna a ajin mutumin nan har ƙarshen shekara."

Dattatray ya san akwai gaskiya a maganar. Washegari ya ɗingisa har makarantar, ya daɗe a kan benci kafin shugaban ya gan shi. Aka ba shi shayi da magana mai daɗi, aka ce za a duba. Bai ji an duba komai ba.

Mrunal ba ta sake zuwa benen ba. Labari ya bazu a layin, wasu iyayen ma suka janye 'ya'yansu. Dattatray ya yi kwanaki a kwance, ga tari ya sa shi gaba. Likita ya ce in bai bar ihu ba, muryar za ta tafi gaba ɗaya.

"Wataƙila cutar su nake yi," ya ce wa Shakuntala. "Ina koya musu magana, ban koya wa kowa saurare ba."

"Sha madararka tun da zafi, maigida," ta ce. "Su 'yan tsirarun da suka rage kullum sai sun leƙo. Na gaji da cewa kana barci."

Ita ce ta share tsakar gida ta shimfiɗa tabarma, ta ce bene ya ƙare. Yanzu nan yaran ke taruwa, ba su cika hannu biyu ba. Dattatray yana zaune a kujera da mayafi a wuya, in muryar yaro ta yi ƙasa sai dai ya kama kunne ya girgiza kai, alamar bai ji ba. Shakuntala ce mai kanti, kuma ta fi shi tsanani nesa ba kusa ba. In yaro ya karɓi ruɓaɓɓiyar albasa ya yi shiru, sai ta ce, "Koma ka sake shigowa, ɗan nan. Ni ba inda za ni, wakena bai ma dahu ba."