Tambayar da Yaya Hajara ta yi wa surukinta

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Hajara. Ta bar duniya ba ta gani. Ciwon gira ne ya cinye mata ido, wanda likitoci ke cewa ƙarshen amosanin ido ne: gashin ido ya juya ciki, ya yi ta kartar ƙwayar har ta dushe.

A lokacin ina koli a kasuwannin Gwarzo da Kabo, kuma hantsaki na cikin kayan da ba sa kwana. Mata ke saye su rataya a wuya, su riƙa cire gashin. Kakarmu ta yi, Inna ta yi, Yaya ta yi. A gidanmu ba ma kiransa ciwo. Gado muke cewa.

Da ya kama 'yarta Rabi, sai aka ji masu aikin ido sun zo Kabo suna gyara fatar ido kyauta. Mijinta Malam Sani, mai koyarwa a Islamiyya, ya ce ba za a sa mata wuƙa ba, abin gado ne, haƙuri ake yi. Yaya ta sa na kama sandarta har zaurensa. Suruka ba ta zuwa wurin mijin 'yarta da magana, amma ta je. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, “Malam, tambaya na kawo. A rabon gado, namiji kashi nawa?”

Ya ce, “Biyu, Inna.”

“To ga ƙanena nan, idonsa garau, har kwabon da ya faɗi a yashi yana gani. Wane malami ya yi wannan rabon, ya tattara ya ba mata?”

Malam Sani ya juyo wurina. Sai ya tambaye ni ko babur ɗina yana da man da zai kai Rabi Kabo.

Yau ana maganar kawar da wannan ciwo daga ƙasar baki ɗaya. Ni ba likita ba ne, amma na san kasuwa: kayan da aka daina tambaya, buƙatarsa ta mutu. Na manta rabon da wata ta nemi hantsakin ido a shagona. An raba magani gida-gida, ruwa ya matso kusa, ana wanke wa yara fuska. Da Yaya na nan, na san ba za ta yarda an gama ba sai ta ji ko a ƙauyukan Madadi da Sabon Birni ma ya ƙare. Amma za ta gode, kamar yadda nake gode wa Allah da waɗanda suka yi aikin.

Ba ta bar gona ba, ba ta bar gida ba. A makon jiya muka yi mata sadaka. Rabi, wadda yanzu ta kai shekarun da uwarta ta daina gani, ita ta zauna a tsakar gida ta tsince tsakuwa daga shinkafar, ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya haskaka kabarin Yaya.